Gadon Malama Saloma

Zuru, watan Satumba

Ɗiyata Leah,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Peculiar, da marasa lafiyar da kike jinya a asibitinku na Legas. Mu nan mun gode Allah. Damina ta yi albarka, dawa ta fi ni tsawo, ko da yake yadda na ranƙwafa yanzu wannan ba wani abin yabon dawa ba ne. Gwiwa tana nan da halinta. Kunnuwa kuwa kin san su, tun da igwa ta gama da su a aikin soja ba su sake komawa bakin aiki ba. Shi ya sa nake roƙonki ki daina wahalar da kanki da waya. Ke kina ihu a Legas, ni ina "to, to" a Zuru, in ajiye waya ban san abin da na amince da shi ba. Takarda ta fi mini. Wannan zan ba wani soja ɗan Danko da hutunsa ya ƙare.

Ranar jana'izar uwarki, yayata Saloma, kin zo a gurguje kin koma a gurguje, ba mu samu zama ba. To, dangi sun zauna, da zumuntar matan coci, da tsofaffin ɗalibanta, an sa taron godiya da tunawa da ita bayan an kai amfanin gona gida, dab da Kirsimeti. Ba makoki za mu sake ba. Matar da ta haura tamanin da haƙoranta a baki, ta koya wa rabin garin nan karatu, sauran rabin kuma ta raba su faɗa, ba a yi mata kuka sau biyu.

Tun da aka sa rana gidan nan bai huta ba. Kowa ya zo da nasa labarin, ni kuma in kalli bakinsa in gyaɗa kai, don yawanci na riga shi sani. Wani mai furfura ya zo daga bayan Mahuta ya tuna mini da nasa. Lokacin uwarki ta bar aji ta koma ofishin jin daɗin jama'a. Shi yana saurayi, ya gama golmo, noman shekarun nan da ake yi wa surukai kafin a ba mutum mata, sai surukin ya ce lissafi ya ɓace masa, a sake daga farko. Uwarki ba ta kai shi kotu ba. Ta hau ɗan babur ɗinta ta je, ta shimfiɗa zane a gindin rumbunsa, ta ce ita ma hanyar gida ta ɓace mata. Ta ci tuwonsa da safe, ta ci da rana, ta ce tun da baƙuwa ce a yanka mata kaza. Kafin a kai ga kaza ta biyu lissafi ya dawo wa tsoho daram.

Irin waɗannan ake so a ji a ranar. An kuma ce ke za ki ba da tarihin rayuwarta, don ke ce 'yar fari, ƙanenki Dominic kuwa ba mu san ko za a ba shi hutu daga bakin daga ba. Ni in aka bar mini, zan fara daga ranar da aka haife ta, rana ta faɗi ban sa ta makaranta ba.

Sai maganar gado, don kada ki ji a bakin wani. Ta yanke ta tun tana da ƙarfinta, a gabana da Fasto. Ta ce babu ɗan da ta haifa da zai taɓa shi, ke ko Dominic. Munira ta bar wa. Munira dai da kika sani, 'yar Fulanin da ta ɗauko a ƙofar asibiti tana ƙarama, wadda yanzu take ɗinki a bakin kasuwa. Na san ba za ki yi mamaki ba, kin san halin uwarki a kan wannan.

Ki aiko da amsa ta hannun Suhaibu direba, shi ne mai zuwa Legas da kaya. A gaida mutanen gida.

Kawunki,
Mika

Legas, watan Oktoba

Kawu,

Na samu takardarka, na ji daɗin jin lafiyarku. Mu ma lafiya. Ga maganin gwiwa nan na haɗo, ka riƙa shafawa, kada ka bayar kamar na bara.

Gaskiyarka, ban yi mamaki ba. Amma na karanta ƙarshen takardar na sake karantawa, na ajiye, na je aiki, na dawo na tarar da ita yadda na bar ta. Ka sani ba gidan nake wa ba, ba kuma gonar bakin rafi ba. Allah ya rufa mana asiri a nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta faɗa: babu ɗan da ta haifa. A gaban Fasto kuma.

Ku kun san Malama Saloma, ni Mama na sani. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina firamare, wata rana zazzaɓi ya kama ni a makaranta aka ce in tafi gida. Ɗakinmu na ciki zafi kamar tanda. Na leƙa ɗakin waje, na ga gadon ƙarfen nan na baƙi, an shimfiɗa masa farin zane, babu kowa a kai, iska tana shigowa ta taga. Na hau na kwanta. Barci ya fara ɗaukata ke nan Mama ta shigo. Ba ta taɓa goshina ba, ba ta tambayi abin da ya dawo da ni ba. Ta daka mini tsawa: "Sauka! Wannan ba naki ba ne." Ta fizgo ni da hannu ɗaya ta kai ni tabarma. Kafin la'asar ta yi sanyi wata mata da ban taɓa gani ba tana kwance a wurin, Mama tana dama mata kunu.

Da Munira ta zo, a kan gadon nan ta yi wata da watanni, ni ina tabarma. Ni na riƙa yi mata kitso, ni na koya mata Hausa, ba ni da komai da ita har yau. Amma wadda ta hana ni gadon kwana ina yarinya, ashe ba za ta bar ni in ci gadonta ba ina da furfura.

Tarihin rayuwa ku ba wadda aka bar wa. Ba zan iya tsayawa gaban jama'a in yi ƙarya ba, gaskiyar kuma ba ta ranar biki ba ce. Zan aiko da gudummawata. Ni dai ba zan zo ba.

'Yarka,
Leah

Zuru, farkon Nuwamba

Ɗiyata Leah,

Ina gaisuwa. Shirunki ya yi yawa, ban ga amsa ba, ban kuma ga Suhaibu ba. Na ce ko kin duƙufa kan rubuta tarihin ne. Kada ki tsawaita, ni kaɗai na isa wannan.

Shiri yana tafiya. Zumuntar mata sun fitar da anko, shuɗi da fari, sun ce naki yana hannun Munira. Alhaji Kamalu mai shanu na Ribah ya aiko da bijimi, ya ce shi zai yanka da hannunsa don kowa ya ci. Na ce ya yi yawa, ya ce in yi shiru, shi ma yana cikin waɗanda suka ci moriyar gadon.

Na miƙa wa Munira makulli. Ta yi kuka ta ce abin ya fi ƙarfinta, amma yarinyar ba ta da sanyin jiki. Ta riga ta fara gyara, ta sayo fenti shuɗi, ta ce ranar taro ba za ki gane shi ba. Har ta sauke wata mata da 'ya'yanta biyu da rikici ya koro daga wajen Danko. Dominic ya aiko da saƙo ya ce madalla, shi dama bai taɓa sa rai ba.

Ki gaya mini ranar da za ki taso.

Kawunki,
Mika

Legas, watan Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ce ba zan sake magana ba, amma takardarka ta biyu ta zo. Ko amsa tawa ba ka yi ba, sai labarin fenti. Shekara ba ta zagayo ba, an miƙa makulli, an zuba mutane, gidan da na tashi a ciki za a shafa wa shuɗi har in kasa gane shi. To, a shafa. Ankon ma a ba wata.

Leah

Zuru, ƙarshen Nuwamba

Ɗiyata Leah,

Gaisuwa, da ban haƙuri tun kafin ki karanta. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farko ta sha yawo a motar Suhaibu, ta je Yawuri, ta je Kontagora, ta kwana a ƙarƙashin kujera tare da maganin gwiwa. Da na karanta ta biyu na kasa gane gidan wa za a shafa wa shuɗi. Sai na buɗe ta farko. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da na kai wurin zazzaɓi dariyar ta tsaya.

Ɗiyata, ki ɗauko takardata ta Satumba, ki karanta da ƙarfi, da baki, kada ki ja wasalin. Gado nake nufi, na kwana. Gadon ƙarfen ɗakin waje. Gida da gonar bakin rafi naku ne ke da Dominic, ba wanda ya taɓa ko tsinke. Makullin da na ba Munira na ɗakin waje ne. Fentin na ƙarfe ne, don tsatsa ta cinye ƙafafun.

Da da yarenmu na rubuta da babu wannan, don mu abin kwana da abin da mamaci ya bari ba sa kama da juna. Hausa ma a baki ta raba su, na kwana gajere, na mutuwa a ja shi. Wanda ya shirya mana boko ne ya yi rowar tawada. A Zuru kuwa in aka ce gadon Malama ko ɗan acaɓa ya san na kwana ne, ni kuma na manta kin daɗe a Legas. Uwarki ta yi shekara da shekaru tana sa yara su faɗi kalmomin nan biyu a gaban allo. Da tana nan da ni da ke mun yi durƙuso.

Amma tun da kuskuren ya fito da abin da ke cikinki, bari in ba ki tarihin gadon. Na gwamnati ne da farko, ubanki Kofur Manga ya saya a gwanjon bariki. Da ciwo ya ɗauke shi kina goye, uwarki kuma da cikin Dominic, wa'adin zama a bariki ya cika aka ce ta ba wani ɗakin. Ta sayar da komai ta bar gadon. Motar da ta ɗauko ta ta lalace a Kontagora, aka sauke ta a tasha, damina tsaka. Kafin saƙo ya same ni in nemi izini in zo, ta yi kwanaki a wurin.

Na iso da hantsi. Na same ta a ƙarƙashin wata rumfa mai yoyo, ta kafa gadon nan a fili, mutane suna wucewa suna kallo. Tana zaune a bakinsa. Ke kina kwance a kai, jikinki zafi rau, idanunki sun faɗa. An lulluɓe ki da wani zane da ba nata ba. Ta ce na wata tsohuwa ce mai ƙosai, Bahaushiya, wadda take kawo musu abinci safe da yamma, ba ta taɓa tambayar sunanta ba, ko garinsu, ko ina mijinta. Da muka zo kwance gadon, uwarki ta dafa ƙarfen ta yi magana da yarenmu, ba da ni take ba. Ta ce, "Wannan yarinya ta gama kwanan wahala. Ita da wanda ke cikina, kada Allah ya sake kwantar da su a nan."

Daga nan ta koma makaranta da ku a hannu, ta zama malama, ta zama abin da kika sani. Gadon kuwa ta kafa shi a ɗakin waje ta yi masa doka. Wanda ya zo ba shi da wurin kwana, ba a tambayarsa komai sai ya ci ya yi barci. Wannan dokar mai ƙosai ce. Wanda ya koro shi kuwa, in ya zo biko, a kan kujera 'yar tsugunno zai zauna a ƙafar gadon, ya ɗaga kai yana magana. Wannan tata ce. Na ga manya masu babbar riga a kan kujerar nan, gwiwa har haɓa. Doka ta uku ita ce ta same ki.

Ranar zazzaɓin nan, ita ma ba ta manta ba. Ta ba ni labarin da bakinta bayan shekaru. Ta ce ta shigo ta gan ki a kai, idanu a lumshe, jiki na rawa, sai ta ga tashar Kontagora. Ta ce ba ta san lokacin da ta fizgo ki ba. Na ce to ki gaya wa yarinyar mana. Ta ce a'a, ba ta so ki tashi kina ganin kanki abin tausayi. A nan ta yi kuskure, na kuma faɗa mata a idonta. Ta ce in je in gyara kunnena.

Ki duba ki gani dai. Kin yi karatu, kin yi aure, kina da ɗaki da ƙofa da makulli. Dominic ya shiga wuta ya fita. Gadon nan ya kwantar da mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba, bai sake ganin bayan ɗayanku ba. Abin da ta roƙa an ba ta, shi muke taruwa mu yi wa godiya.

Ban san ko wannan za ta same ki a kan lokaci ba. Na ba wata malamar asibiti mai tafiya gobe, na daina ba Suhaibu. Ban ɗora wa wani aikin ba da tarihin rayuwarta ba. In ba ki zo ba ni zan tashi, kuma jama'a za su san ke kika ja musu.

Kawunki,
Mika

Legas, watan Janairu

Kawu,

Barka da sabuwar shekara. Mun iso lafiya, Peculiar da muka bari a gida tana gaishe ka. Da za mu taso ka riƙe hannuna ka ce ka ga bakina yana motsi a wurin taro, ka ga mutane suna kuka suna dariya, amma ko kalma ɗaya ba ka ji ba, in rubuto maka. To ga shi.

Da farko, ban amsa takardarka ba don babu lokaci. A wurin aiki ta same ni. Na ɗauko ta Satumba daga jaka na yi yadda ka ce, na faɗi kalmar da ƙarfi, ban ja ba. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko gado nake nema wa marar lafiya. Na ce mata a'a, na samu. Na nemi hutu a ranar.

Abin da ka gani ba sai na faɗa ba. Ka ga yadda zumuntar mata suka fito da gadon a kafaɗa, shuɗi shar, suna buga tuluna, matan Ribah da gyalensu suna binsu da guɗa, aka kafa shi a gindin mangwaro. Ka ga Dominic ya faɗo da kakinsa ana tsakiyar addu'a. Abin da ba ka ji ba shi ne gardamar da aka yi. Alhaji Kamalu ya ce loɓawar gefen dama na gadon tasa ce, tun lokacin da aka sallame shi daga asibiti babu mai ɗaukarsa. Wata tsohuwa daga Danko ta ce ƙarya yake, yana kamar kara a lokacin, tata ce, don ita ta fi kowa zuwa. Mijinta yana gefe, ya ce gaskiya ne, shi ma kujerar tsugunnon nan ta san shi. Aka ɗauko kujerar aka ce ya gwada. Ya zauna, sai da mutum biyu suka tashe shi.

Da aka kira ni, na fito da abin da na rubuta a mota: ranar haihuwa, makarantun da ta koyar, shekarar da ta shiga ofis. Na duba jama'a na ga kowa ya fi ni sanin wannan. Sai na ninke takardar. Na ce duk wanda ya taɓa kwana a gadon nan ya ɗaga hannu. Kawu, hannuwa kamar gonar dawa. Masu hula, masu ɗankwali, wani soja mai anini a kafaɗa, matar nan da ta zo da 'ya'yanta biyu. Na ce to duk ku sauke, na riga ku. Na ba su labarin tashar Kontagora yadda ka ba ni, da mai ƙosai, da abin da Mama ta faɗa tana dafe da ƙarfe. Na ce na yi shekaru ina zaton uwata ta fifita ku a kaina, ashe ku kuna kwana a gadonta, ni ina kwana a cikin addu'arta. A nan ne ka ga matan sun tashi tsaye.

Na juya zan zauna, abin da ke bayana kuwa gadon ne. Ban kai ga katifa ba Munira ta daka tsawa, da muryar Mama sak: "Sauka, Yaya! Wannan ba naki ba ne." Wannan ce dariyar da ka gani. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Ta turo mini kujerar roba, ta ce amana aka ba ta, ba za ta fara ci da ni ba.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba. Mako biyu da dawowarmu aka kawo mana wata yarinya asibiti, ta yanke jiki ta faɗi a bakin hanya. Sunanta Success, 'yar Mahuta ce. Mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki, wa'adinta na zama a bariki ya cika, kayanta suna wurin wata maƙwabciya, ga jariri. Da aka sallame ta ta tsaya a bakin ƙofa tana duban hagu da dama. Na san wannan duban. Na kai ta gida. Washegari na shiga kasuwa na nemo gadon ƙarfe, maigidana ya janye kujerun falo muka kafa shi a gefen taga. Da ya gama ɗaure ƙusoshi ya ce yana fata ba za a sayo kujerar tsugunno ba. Na ce tana hanya.

Ban tambayi Success komai ba sai da ta ci ta yi barci.

Jiya da rana ta fita shanya, Peculiar ta dawo daga makaranta ta haye gadon da wayarta. Kawu, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Sauka!" Yarinya ta zabura ta tsaya tana kallona. Na ga idonta, na gane shi. Sai na jawo ta muka zauna a ƙasa, na gaya mata dalili tun daga Kontagora. Ta ce to ai da haka ya kamata in fara. Na ce kakarki ce ta bar mini tsarin.

A gaida Munira, a ce mata ta aiko mini da sunan fentin.

'Yarka,
Leah

Zuru, watan Fabrairu

Ɗiyata Leah,

Lafiya muke. Maganin gwiwa ya yi aiki, rabinsa dai, don Fasto ma yana da gwiwa.

Na karanta takardarki a gindin mangwaro, na sa Munira ta karanta wa matan zumunta, na kalli bakinsu. Yanzu na ji jawabin, kuma ya fi wanda da ni zan yi, ko da yake nawa da ya fi tsawo. Dangin Success sun zo daga Mahuta da kaji biyu. Na ce ba ni ba ne, suka ce Legas ta yi nisa. Mun ci a madadinki.

Munira ta ce fentin ba shi da suna, shuɗi ne kawai. Ta ce kuma ki sa tsumma a ƙarƙashin ƙafafun, in ba haka ba yana kuka duk lokacin da baƙo ya juya, baƙo kuma ya ji kunya ya kasa barci. Malama ce ta koya mata.

Jiya na je kabarin yayata na share ganye. Na gaya mata an buɗe reshe a Legas. Na ce mata ta hana ki wancan, kin je kin kafa naki, dama taurin kan ba daga waje kika samo shi ba.

Zan rubuta miki kalmar nan sau ɗaya, kuma wannan karon ba zan yi bayani ba. Leah, gadon uwarki yana hannunki. Ki ja wasalin ko ki bar shi, duk kin karanta daidai.

Kawunki,
Mika